Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

A shekarata ta uku a Dubai ina zaune ne a Al Muraqqabat, a wani filat mai ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu, mu shida. An yanka falon da katako an fitar da ɗaki na uku. Nan nake kwana, ni da wani dattijo ɗan Gana, mutumin Zangon Kumasi, wanda kowa yake ce wa Baba. Gadi yake yi a wani otal, kuma ya riga mu duka zuwa garin da shekaru masu yawa. Ba shi da yawan magana. In ya dawo aiki sai ya cire takalmi, ya goge shi, ya ajiye a ƙarƙashin gado, sannan ya gaishe da mutane.

Ni kuwa a wani ƙaramin ofishin kago, masu tura kaya zuwa ƙasashe, nake aiki a Port Saeed. Aikina buga takardu ne: sunan mai kaya, yawan kwalaye, nauyinsu, da inda za su sauka. Tun safe har yamma ina gaban kwamfuta, wannan kuwa ya ishi mutanen gidanmu su laƙaba mini Injiniya. Iyakar abin da na yi shi ne kwas na wata shida a Kano, a wani shago a saman bene, inda aka koya mana buga rubutu da tsara wasiƙa. Ba a taɓa buɗe mana cikin na'ura ba. Ban taɓa cewa ni injiniya ne ba, amma kuma ban taɓa musawa ba. In wayar wani ta rikice sai in kashe ta in kunna, yawanci sai ta dawo daidai, sunan ya ƙara zama.

Akwai lokacin da otal ɗin da Baba yake aiki suka sauya na'urorin ofis, aka raba wa ma'aikata tsofaffin. Baba ya samu kwamfuta ta tebur, da allonta da kibod. Ya kawo ta gida ya ɗora a kan wata ƙaramar durowa a gefen gadonsa. Ba don kansa ya karɓa ba. Yana da ɗiya a Kumasi da ta gama sakandare tana koyon aikin buga katin biki da takardun makaranta a wurin wata mata, tana son ta riƙa karɓar aiki a gida. Rabonsa da ganinta shekara huɗu. Hausarsu ta Zango ba ta damu da raba mace da namiji ba, sai ya ce, "Yarinya na ya ce in ya samu nasa, ba shi zaman jiran kowa." Da farko nakan ruɗe in ɗauka wani ɗa namiji yake nufi.

Wata biyu kwamfutar ta yi a ɗakinmu tana jiran kwantenar da ofishinmu zai tura Tema, tashar jiragen ruwa ta Gana. Ni na nuna masa yadda ake kunnawa da kashewa, na kuma zuba masa hotunan da ke wayarsa a ciki, don yana son yarinyar ta buɗe ta ga inda babanta yake aiki. Kullum in zai fita sai ya rufe ta da tawul. Daga baya aka sa ranar lodi. Za a rufe kwantenar ranar Lahadi a wani sito a Al Quoz, don haka dole kayan su isa can ranar Asabar.

Ranar Juma'a, wadda a lokacin ita ce ranar hutu, na tashi wajen ƙarfe tara na tarar da Baba zaune a bakin gado da jallabiya, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon kwamfutar. Tawul ɗin yana ninke a gefe.

"Injiniya, abin nan bai tashi ba," in ji shi.

Na danna maɓallin gaba. Ba ƙara, ba fitila, fankar ciki ba ta ko motsa ba. Na sake dannawa na riƙe. Shiru.

"Jiya ta yi aiki?"

"Ya yi."

"Ba ta faɗi ba? Ruwa bai zuba ba?"

"Ba komai."

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Soket ɗin bango yana da nasa makunni, na duba, a kunne yake. Na zare filogin na sa cajar wayata, wayar ta kama caji. Ke nan wuta tana zuwa. Na bi wayar wutar da hannu har inda ta shiga bayan akwatin, na zare na mayar na danna sosai. Allon kuwa da na kunna shi kaɗai ya kawo ƙaramar fitilarsa, ya rubuta cewa babu abin da yake shigo masa. Har zuwa nan ina tafiya da ƙwarin gwiwa, don duk wannan na taɓa ganin ana yi a ofis.

Sai na tuna cewa filogin garin nan mai ƙafa uku yana da ɗan fiyus a ciki, kuma yakan ƙone. Ba mu da wani fiyus ɗin, amma na lura bakin wayar iri ɗaya ne da na butar shayi ta lantarki da ke kicin. Butar ta wani abokin zamanmu ce, Bakatsine, ma'aikacin jinya, wanda ba ya son a taɓa masa kaya. Ya dawo daga aiki yana barci. Na je na zaro wayar butar na kawo na jona. Na danna. Babu abin da ya canza. Na ɗauki wayar kwamfutar na kai kicin na sa wa butar, nan take ta fara ƙugi. Wayar lafiyarta ƙalau.

Iyakar sanina ke nan. Na tsaya ina kallon akwatin, Baba yana kallona. Na ce masa ina zuwa, na shiga banɗaki da wayata, na rufe ƙofa, na zauna a gefen bahon wanka na nemo bidiyon masu gyara. Na rage sauti sosai. Wani Ba'indiye ne yake bayani da Turanci, yana nuna komai da tsinin biro. Na kalla sau biyu, na sakar wa famfo ruwa, na fito.

"Sai mun buɗe ta," na ce.

Baba ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado ya fito da sukundireba. Na kwance kusoshi biyu na zare murfin gefe. Wannan ne karo na farko da na ga cikin kwamfuta da idona. Ta fi yadda na zata fili: koren allo shimfiɗe a ƙasa, fanka a tsakiya, wayoyi kala-kala ɗaure da roba, da wani akwatin ƙarfe a kusurwa wanda duk wayoyin suke fitowa daga cikinsa. Ƙura ta yi kauri a jikin fankar kamar auduga. Kafin in taɓa komai na ɗauki hoto da wayata, don mutumin bidiyon ya ce a yi haka. Baba ya gyaɗa kai, da alama ya ɗauka dabarar masu sana'a ce.

Na share ƙurar da tsohon buroshin haƙori. Na bi kowace waya na danna bakinta. Na zare wasu siraran alluna guda biyu da ake ce wa ram, na goge haƙoransu da gefen rigata, na mayar. Na cire wani ɗan batir mai kama da kwabo, na jira, na mayar. Bayan kowanne sai in jona wuta in danna maɓalli, Baba ya sunkuyo, mu saurara tare. Esin ɗakin ne kawai yake ƙara.

Na sake komawa banɗaki. A wannan karon na koyo cewa maɓallin gaba shi kansa yakan mutu, kuma ana iya tsallake shi. Na bi siririyar wayarsa zuwa wasu ƙananan allurai a gefen koren allon, na zare ta, na haɗa allurai biyu da bakin sukundireba. Ban san ko abin zai ja ni ba, kuma ban so Baba ya gane hakan ba. Bai ja ni ba, kwamfutar kuma ba ta tashi ba.

Lokacin masallaci ya yi, muka bar ta a buɗe muka tafi. Bazara ce, irin zafin da in ka fito daga gini tabarau yake yin hazo. Da muka kusa masallacin sai Baba ya ce, "In bai yi ba, sai a faɗa masa kwantena bai samu wuri ba." Yarinyar yake nufi. Na ce tukuna dai.

Bayan mun dawo saura gwaji ɗaya da na gani. Akwatin ƙarfen nan na kusurwa shi ne yake karɓar wutar bango ya raba wa sauran, masu gyara a gida suna ce masa fawa-fak. Ana gwada shi shi kaɗai. Na zare babban bakinsa daga koren allon, na miƙar da kilif na takarda da na samu a aljihun jakar aikina, na lanƙwasa shi, na cusa ƙafa ɗaya a ramin koriyar waya, ɗaya a ramin baƙa. In yana da rai, fankarsa za ta juya. Na kunna soket. Ba ta juya ba. Na kashe, na kai hancina kusa da ragar bayansa, na ji ɗan ƙauri, kamar na roba da ta taɓa wuta.

"Baba, wannan ne ya mutu. Ka tabbata ba ka ji wata ƙara ba? Ko wari?"

Ya dubi akwatin, ya ce, "Ana samun wani?"

Na ce ana samu. Na kwance shi, na zare wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, muka sa shi a leda. Ranar Juma'a shaguna ba sa buɗewa sai bayan la'asar, don haka muka ci abinci muka jira. Ma'aikacin jinyar ya tashi, ya tarar da butarsa ba a inda ya bar ta ba, ya tambayi wanda ya taɓa. Na ce ni ne. Ya leƙo ɗakinmu ya ga kwamfuta a buɗe, ya ce, "Au, tiyata ake yi," ya koma.

Muka hau metiro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Bur Dubai, layin da masu sayar da kayan kwamfuta suke. Shago biyu na farko sababbi kawai suke sayarwa, kuma babu mai shiga irin wannan tsohon akwatin. Na uku ya tura mu wani lungu a bayan gini, wurin wani Bafakistane mai furfura a gemu, wanda shagonsa bai fi a tsaya mutum uku ba, tsofaffin na'urori jibge har rufi. Na miƙa masa ledar na fara bayani da Turanci, ina jero duk gwajin da na yi. Bai saurare ni ba. Ya juya akwatin ya dubi bayansa, ya sa tabarau, ya nuna wani ɗan jan abu da farce.

"Habibi, wa ya taɓa wannan?"

Wani ƙaramin makunni ne ja, a lotse cikin ƙarfen, kusa da inda wayar wuta take shiga. Na zare wayar nan na mayar ya fi sau goma a ranar, ban gan shi ba. An rubuta 115 a jikinsa. Mutumin ya tura shi gefe da bakin sukundireba, sai 230 ta bayyana. Ya ce wutar garin nan ta biyun ce. In aka mayar da shi kan ƙaramar lambar aka jona, wuta ta fi ƙarfinsa, sai ya fashe daga ciki. "Khalas," in ji shi, wato shi ke nan, ya yi alamar fashewa da yatsunsa. Ya ce ba ya motsawa da kansa, sai an sa ƙarfe an tura.

Ni yake kallo, don ni ne na zo da surutu. Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana karanta wata takarda da aka manna a bango, wadda da Urdu aka rubuta ta.

Mutumin ya hau kujera ya binciko wani irinsa daga cikin tarin, ya hura masa iska, ya gwada shi da kilif kamar yadda na yi, fanka ta juya. Na ji daɗin ganin cewa gwajin nawa na gaske ne. Ya ce yawanci shi kaɗai yake mutuwa, amma wani lokaci yakan tafi da koren allon, sai mun jona za mu sani. Baba ya biya, muka fito.

Da za mu koma ya ce mu bi ta ruwa. Muka taka zuwa bakin mashigin ruwan da ya raba garin biyu muka hau abra, ƙaramin kwalekwalen katako mai inji da yake tsallakar da mutane zuwa Deira, ɓangaren da muke zaune. Rana ta yi sanyi kaɗan. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ledar tana kan cinyarsa. Sai da muka kai tsakiya ya yi magana, yana kallon manyan jiragen katako da ake wa lodi a ɗaya gaɓar.

"Ni na taɓa."

Ya ce wani abokin aikinsa ne, mai gadin ƙofar baya, ya ce masa wutar gida ba ta da ƙarfi kamar ta nan, in ba a rage wa na'ura lamba ba ba za ta tashi a can ba. Ya dawo daga sallar asuba ina barci, ya ɗauki sukundireba ya tura makunnin. Sai kuma ya ga bari ya kunna sau ɗaya ya tabbatar hotunan suna nan. Yana jonawa ya ji tas, wutar gidan duka ta ɗauke. Ya lallaɓa ya je akwatin wutar gida da ke bayan ƙofa ya ɗaga makunnin da ya faɗi, ya buɗe taga don warin ya fita, ya dawo ya zauna.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun da safe, Baba? Da ba mu sha wannan wahalar ba."

"Na ce ko za ka gyara ba sai an sani ba."

Mai abra ya rage gudu don wani jirgi ya wuce. Na yi tunanin in yi fushi, na ga ba ni da wurin tsayawa. Na ce masa ni ma ban taɓa buɗe kwamfuta ba sai yau.

"Na sani," in ji shi. "Banɗakin nan katako ne ƙofarsa. Na ji Ba'indiyen."

Muka sauka, muka sayi burodi da madara a hanya, muka hau gida kafin magariba.

Hoton da na ɗauka da safe shi ya taimake ni. Na ajiye wayar a kan gado ina dubawa ina mayar da kowane baki inda yake. Na duba jan makunnin sau biyu, Baba ma ya sa tabarau ya duba. Na jona wuta na danna. Fanka ta juya, ƙaramar fitila ta kama, sai kuma na'urar ta fara wani kuka, ɗit, ɗit, ɗit, allon yana baƙi. Baba ya ja da baya. Na kashe. Na zaci abin da Bafakistanen ya faɗa ne ya faru, wato koren allon ya tafi.

Wannan karon ban shiga banɗaki ba. Na zauna a gefensa na buɗe bidiyo da sauti, muka kalla tare. Aka ce irin wannan kukan yawanci ram ne bai zauna ba. Na leƙa, ɗaya daga cikin allunan da na zare da safe ya karkace, gefe ɗaya bai shiga ba. Aikina ne. Na danna shi da babban yatsa har ya ce ƙas. Da na sake kunnawa ta yi ƙara ɗaya gajeriya, rubutu ya hau allo. Baba ya jira har ta gama buɗewa, ya kama linzamin kwamfutar da kansa a hankali, ya buɗe hotunan. Ga shi nan tsaye da kakin aiki a ƙofar otal. Ya kalli uku ko huɗu, ya ce alhamdu lillahi, ya kashe ta yadda na koya masa.

Na yanko salatif na manne jan makunnin, na rubuta a kai da biro cewa kada a taɓa, don ashe wutar Gana ma irin ta nan ce. Washegari muka naɗe akwatin da allon cikin barguna biyu da atamfofin da ya saya wa matarsa, muka sa a kwali, wani direban ofishinmu ya kai mu Al Quoz. A siton aka auna, aka naɗe kwalin da leda, aka rubuta lamba. Ranar Lahadi ni na buga takardarsa da hannuna, cikin sauran takardun ranar.

Kayan sun yi kusan wata biyu a hanya. Wata safiya ina ofis sai ga saƙon murya daga lambar Gana. Yarinyar ce. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce babanta ne ya ba ta lambar, kwamfuta ta iso kuma tana tashi, sai dai duk abin da ta buga da Larabci yake fitowa, daga dama zuwa hagu. Wannan na san shi, don kullum yana faruwa a ofis. Na faɗa mata maɓallai biyun da za ta danna tare. Bayan minti kaɗan ta turo hoton allo, ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe.

Baba ya ƙara shekara ɗaya da wani abu a ɗakin. Da annobar korona ta zo otal ɗin ya rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya zauna wata uku a gida yana jiran a buɗe hanya, sannan ya samu jirgi ya koma Kumasi. Na raka shi har ƙofar filin jirgi, don ba a barin mai rakiya ya shiga a lokacin. Bayan sati biyu wani ɗan Nijar mai aiki a shagon canji ya karɓi gadon.